Tsintar Dami a Kala

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti.)

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na harshe da rayuwa. Manoman da ke masussuka, sannunku da aiki. Makiyayan da ke jin mu da rediyo rataye a kafaɗa, Allah ya sa albarka a garke.

Akwai wata magana da ba ta rabuwa da bakinmu. In mutum ya samu abin da bai yi tsammani ba, sai ka ji an ce, "Ai wane ya tsinci dami a kala." Kwanan baya na tambayi wasu samari a majalisar unguwarmu ko mene ne kala a cikin wannan magana. Ɗaya ya ce launi. Ɗaya ya ce ai sunan gari ne. Na ukun ya yi dariya ya ce shi dai haka ya tashi ya ji ana faɗa. Ban ga laifinsu ba, domin a birni aka haife su, kuma kalar atamfa kaɗai suka sani, wadda muka aro daga Turanci. Wanda nake nufi ana jan wasalinsa na farko: kaala.

Kala shi ne bin gona bayan an gama girbi, an ɗaure damuna, an kwashe an kai rumbu, a riƙa tsince zangarniyar da ta faɗi ko wadda wuƙar mai yanka ta tsallake. Aikin tsofaffi mata ne da yara da almajirai, da duk wanda bai da gonar kansa. Ina yaro nakan bi kakata. Ita da lefe a ka, ni da 'yar ƙwarya, mu bi kunya-kunya muna ɗaga karan da aka kwantar. In mun wuni, ta sussuke, ƙila ta sami rabin mudu na tsaba, ran da aka yi sa'a mudu guda. To ku auna da kanku: mutumin da ya fito yana murna da zangarniya ɗaya-ɗaya, sai ga dami sukutum a gabansa. Daga nan maganar ta samo daɗinta.

Amma akwai dokar da kakata ba ta taɓa karyawa ba, kuma ba a rubuce take a ko'ina ba. Ba ta sa ƙafa a gonar mutum sai an ɗauke dami na ƙarshe. In muka iso muka tarar akwai sauran damuna jingine, sai ta nemi inuwa ta zauna, ko mu wuce gaba. Hannu ɗaya ne, zangarniya ɗaya ce, gonar ma ita ce dai. Da safe in ka ɗauka sunanka ɓarawo. Da yamma, bayan mai gona ya tafi da nasa, in ka ɗauka sai ya ce maka sannu da aiki. Abin da nake so mu lura da shi yau ke nan. Kalmomin da Bahaushe ya sa wa neman abinci a daji da gona, kowace tana ɗauke da lokacinta da izininta, tana kuma faɗa maka na wane ne abin da kake shirin ɗauka.

Ɗan uwan kala shi ne roro. A wasu garuruwa roro shi ne tsinke wake ɗaya bayan ɗaya in ya bushe a jikin uwarsa. A wasu kuma, in an ce roron gyaɗa, ana nufin komawa gonar da aka riga aka cire, a tona ƙasa a fito da 'ya'yan da suka tsinke suka maƙale. Daga kala muka sami kalato, kamar a ce, "Da ƙyar na kalato kuɗin mota," wato nan kaɗan can kaɗan. Daga nan ne kuma aka sami kalen dangi, halin mutumin da ke bin manya yana laƙaba wa kansa zumunci da su. Hausa ba ta raga wa kowa ba.

In aka bar gona aka shiga daji, sai kalmomin su ƙara yawa, domin kowace shuka da yadda ake samunta. Ana figar tafasa da yaɗiya da gasaya. Ana kaɗo tsamiya da ɗorawa da doguwar gora. Ana tsintar kaɗanya da ɗinya da kanya a gindin bishiya da sassafe, kafin awaki su riga mutum. Magarya da kurna da aduwa yara ne ke jifa ko girgizawa. Ana yo itace, ana yo ciyawa, ana kamun fara. Babu macen ƙauye da za ta ce ta je kiwon tafasa, babu kuma wanda zai ce ya kaɗo gyaɗa. Wannan ilimi ne, kuma galibi a hannun mata yake. Su suka san wace fadama ce ke da lalo, wane ganye ne sai an tafasa an zubar da ruwan farko, wanne ne kuma ba a kai shi baki ko kusa.

Darajar wannan ilimi ba ta fitowa sai shekara ta ƙi. Tsofaffin ƙasar Kano sun daɗe suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. A Nijar an sha wuya a 1984, aka sake sha a 2005 a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, bayan fari da farin dango sun haɗu sun lalata amfanin 2004. A irin waɗannan shekaru mutane kan koma ga anza, wadda wasu ke kira dilo. 'Ya'yanta ɗaci gare su kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ana sussuka ƙarangiya, wannan dai mai maƙale wa mutum a wando, a fitar da ƙwayarta a yi tuwo. Har gidan tururuwa akan tona don a kwashe hatsin da ta tara. Wanda bai san yadda ake jiƙa anza ba, ko tana gabansa buhu-buhu, da yunwa zai kwana. Shi ya sa nakan ji ba daɗi in na ji ɗan boko yana kiran waɗannan abubuwa abincin wahala yana yatsine fuska. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ya raya kakanninsa.

(Gajeren kiɗa.)

Jama'a, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan kalmomin nema da kiwo. Mun taɓa na mutane, bari mu koma ga na dabbobi.

Kiwo kalma ce mai fuska biyu. In na ce, "Shanu suna kiwo," ina nufin sun sunkuyar da kai suna cin ciyawa. In na ce, "Yaro yana kiwon shanu," ina nufin yana tsaye da sanda yana lura da su. Mai ci yana kiwo, mai tsaro ma yana kiwo. A ganina wannan ba ƙarancin kalmomi ba ne. Bahaushe bai raba cin dabba da idon mai ita ba, shi ya sa ya haɗa su a kalma guda. Ku dubi danginta ku gani: kiwata, kiyaye, kiyayewa, makiyayi. In za ka yi tafiya a ce Allah ya kiyaye hanya. In ka je asibiti ka tarar da ma'aikatan kiwon lafiya. Lafiya ba ta cin ciyawa, amma tana bukatar mai sa mata ido kamar yadda garke ke bukata. Yau har kifi da zuma kiwonsu ake yi.

Ga wani abu da rediyo ya fi takarda iya nunawa. Ku saurara: makiyaya, makiyaya. A rubuce iri ɗaya ne. A baki kuwa, in murya ta sauka a tsakiyar kalmar, mutanen da ke kiwo ake nufi. In ta tsaya a sama tun daga farko har ƙarshe, filin da ake kiwon ake nufi. Karin sauti kaɗai ya raba mutum da wurinsa. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 duk sun nuna karin sautin kalmomi saboda irin wannan.

Ba kuma duk dabbobi ne ke kiwo iri ɗaya ba, ko da yake kalmar ɗaya muke sa musu. Saniya da tunkiya kansu a ƙasa yake: gamba, harkiya, kyasuwa, burburwa, kirikiri. Akuya da raƙumi idonsu a sama yake. Akuya za ta bar ciyawa shar a ƙasa ta miƙe da ƙafafun baya tana figar ganyen magarya, raƙumi kuwa ya tauna ƙaya kamar yana cin alewa. Abokinsu na rani shi ne gawo, bishiyar da ta saɓa wa sauran itatuwa: da damina ta zubar da ganye, da rani ta yi kore, ta kuma zubo 'ya'ya daidai lokacin da ƙasa ta zama fayau. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya ci riba biyu, domin ba ya yi wa gero inuwa da damina, dabbobin da ke taruwa a gindinsa da rani kuma su bar masa taki. Kaza ita ma tana kiwo, amma nata da tono take yi, har aka ce kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta.

Tun da shirin faɗakarwa ne, bari in tsaya a nan in ja kunne. Tohon dawa, wanda ke fitowa daga kututture bayan girbi ko wanda fari ya tsumburar, yana ɗauke da guba mai iya kashe saniya cikin ɗan lokaci. Duman kada da ke yaɗo a bakin rafi yana sa tumaki da awaki karkarwa in sun ci da yawa. Awakin birni kuwa babban abokin gabansu leda ce. Mahauta za su gaya muku irin ƙullin ledar da suke fitarwa daga tumbin dabba. Akuyar ɗaure in ta samu sake ba ta tambayar abin da ta ci karo da shi, don haka wanda ya kwance ta shi ne da alhakin sanin inda ta nufa.

To, yaushe kiwo ke tashi daga kiwo? Amsar tana cikin wata kalma da kowane mai unguwa da dagaci ya gaji da ji: ɓarna. Saniyar da ta ci kara a gona bayan an kwashe amfani kiwo ta yi. Ita dai wannan saniya, in ta shiga gonar mako biyu kafin nan, ɓarna ta yi, sai a kira masu ƙiyasi a biya diyya. Dokar kakata ce dai ta kala, aka ɗora wa dabba. Kuma magabata ba su bar abin kara zube ba. Sun yanke burtali, wasu su ce labi, hanyar da garke zai bi tsakanin gonaki zuwa mashaya ba tare da ya taɓa shuka ba. Sun ware makiyaya. Sun san mashekari, inda garke ke zama ya ci damina nesa da gonaki. In kaka ta yi kuwa, manomi da kansa yake zuwa ruga ya roƙi a kawo shanu su kwana a gonarsa, ya ba da dami ko 'yan tiyoyi, shanu su ci kara da karmami, su bar masa taki. Matan ruga su kawo nono, su koma da hatsi.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin mai da wannan al'ada doka. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Yau ana lissafa irin waɗannan filaye kimanin 415 a Najeriya, amma waɗanda aka tabbatar da su a hukumance kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, da yawa kuma gonaki da gidaje sun cinye su. Daga cikin sanannu akwai Ladduga ta ƙasar Kachia a Jihar Kaduna da ta Wase a Jihar Filato. A Nijar, tun 1961 aka ja iyaka aka ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, noma ya tsaya a kudu. A can ne, a In-Gal ta yammacin Agadas, Abzinawa da Fulani ke haɗuwa wajen watan Satumba don dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa mai kanwa. Har yanzu kuma a Nijar hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, ranar da daga ita dabba ke da izinin shiga gona. A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, mai nuna yawan garke da allurar rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi.

Sai dai akwai abin da doka ba ta hango ba. Kara da harawa da ƙowa sun zama kuɗi. Manomi yanzu ba ya barin komai a gona, yana ɗaure harawa ya ɗora a kan bishiya ko soro, ya jira bazara ko gabanin Babbar Sallah ya sayar wa masu kiwon turke. Ba za ka ce ya yi laifi ba, guminsa ne, takin zamani kuma ya yi tsada. Fadamar da shanu ke sauka da rani ta koma lambun albasa da tumatir. Burtali an matse shi har wani wurin jaki da mangala ba zai wuce ba. Ranar sakin gona ta zo, garke ya shiga, ya tarar da ƙasa an share ta kamar tsakar gida. Ita ma tsohuwa mai lefe haka take tararwa. Ni dai a nawa ganin, kafin a fara faɗa a kan ƙasa, an riga an daina yarda a kan ma'anar kalma: makiyayi yana cewa kiwo nake yi, manomi yana cewa ɓarna kake yi, kuma babu sauran dattijon da su biyun za su yarda ya faɗa musu ranar da ɗaya ke komawa ɗaya. An ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Muna faɗa muna dariya, amma mai akuyar ba dariya yake yi ba.

(Gajeren kiɗa.)

Uwar duk waɗannan kalmomi ita ce nema. Mutanen Sakkwato da Gobir da Adar su ce biɗa: "Mi kaka biɗa?" Nema ba ta zaɓe. Ana neman ilimi, ana neman aure, ana neman abin sawa a bakin salati, ana kuma neman magana da neman rigima. Mu nan gidan rediyo ma manema labarai ake ce mana, kuma wata rana aikin namu da kala ya fi kama. Lalube nema ne da hannu inda ido bai gani, shi ya sa ake cewa lalube cikin duhu ga wanda ke aiki ba da sani ba. Bincike nema ne na bin diddigi. Farauta ta maharba ce da karnukansu, amma yau a labarai 'yan sanda ne suka fi yin ta. Ci-rani a da tafiyar manomi ce bayan girbi, ya je Kano ko Ikko ko Kumasi ya yi ga-ruwa ko yankan farce, ya rage wa rumbu baki, ya dawo da saukar ruwan fari. Yanzu an miƙa kalmar har ta kai ga masu ratsa Sahara da teku zuwa Turai, waɗanda ba damina suke jira ba. Yaran da ke bin juji da buhu da maganaɗisu suna tara ƙarfe da roba, 'yan jari-bola, su ne masu kalan birni. Su ma dokar ba ta canza ba: ƙarfen da aka yar nasu ne, murfin kwalbatin da ke kan titi ba nasu ba ne.

Saura kalma biyu da ba sa rabuwa: tsintuwa da cigiya. Tsintuwa ita ce samun abin da ya ɓace wa wani. Cigiya kuwa nema ce da baki, kuma ɓangare biyu ke yin ta, wanda ya yar yana cigiyar kayansa, wanda ya tsinta yana cigiyar mai su. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin: abu mai daraja in an tsince shi, shekara guda ake yi ana cigiya. Malamai sun kuma bambanta tsakanin dabbobi. Raƙumin da aka gani shi kaɗai a daji ba a kama shi, domin yana iya kai kansa ga ruwa, ya ci ganyen itace har mai shi ya zo. Tunkiyar da aka samu a dokar daji, inda babu mutane, ita ana ɗauka, don in an bar ta namun daji ne za su ci. Ku lura, yadda kowace dabba ke kiwo shi aka duba aka yanke mata hukunci.

Wannan ya dawo da ni ga damin da muka fara da shi. Sau ɗaya na ga abin da idona. Muna kala a wata gona a bayan gari, sai ga dami guda na gero kwance cikin kwari, kara ya rufe shi, masu kwasa ba su gan shi ba. Na yi tsalle na ce, "Kaka, mun tsinci dami a kala!" Ta dube ni ta ce, "Kai yaro, zangarniya ce kala. Abin da aka ɗaure da igiya, akwai hannun da ya ɗaure shi." Ta sa na zauna gadinsa, ta tafi cikin gari da ƙafa ta kira mai gonar. Ya zo da jakinsa, ya kwance damin nan take, ya raba biyu, ya cika mata lefe har yana zuba, ya ɗora sauran ya tafi. Ni kuma aka bar ni da ɗaukar abin da ya zube a ƙwaryata.

Lokaci ya ci mana. Na san garuruwa sun bambanta, wani wurin abin da na kira roro su kala suke ce masa, wani wurin kuma suna da kalmar da ban ambata ba. Ku aiko mana da yadda ake faɗa a garinku, musamman mutanen Damagaram da Gaya da Zazzau da zangon Kumasi, za mu karanta a shiri na gaba. Bayan wannan kiɗa akwai sanarwar cigiya, mai akuya ja da ta ɓata ya matso kusa da rediyo. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri.)